Majanyin Da Na Sa A Ƙanƙara

'Ya'yana, akwai wata magana da kuka taso kuka tarar a gidanmu, kamar yadda kuka tarar da randar da ke bakin ɗakin Inna, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya girke ta a wurin. Maganar ita ce, Gwaggo Kande ta Shanga, ƙanwar mahaifina, ita ta kawo ciwon da ya cinye idanun Yaya Bilki, 'yar yayata Hauwa. Saboda wannan magana ba ku taɓa zuwa Shanga ba, ba ku san 'yan uwanku na can ba ko a hanya kuka haɗu. Ina so in gyara ta tun ina da sauran hannun riƙe biro. Sai dai ku yi haƙuri da ni, domin ba wata gaskiya tsayayya zan ba ku a madadinta ba. Abin da nake da shi tambaya ce, na daɗe ina goyonta, har yau ba ta sauka ba.

A shekarar da abin ya faru na gama makarantar horon malamai, ina zaune gida a Yelwa ina jiran takardar aiki ta zo daga Sakkwato. Ni yarinya ce mai yawan shiru. Nakan zauna a kan katangar bayan gida in kalli ruwan kogi yana canza launi daga hantsi zuwa la'asar, in rubuta 'yan baitoci a bayan littafin lissafi, in ɓoye. A gida ana ce mini Malama, rabi girmamawa, rabi tsokana. Duk abin da ya shafi takarda ko asibiti ni ake tambaya, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba. Ina jin kunyar kalmar.

Baba dillalin kifi ne. Masunta daga tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa suna kawo masa, shi kuma ya sayar wa masu lodin mota. Yawancin kifin banda ake yi masa, amma a wannan shekarar Baba ya sayo firiza, doguwa fara kamar akwatin amarya, ya girke ta a shagon da ke jikin zaure don ya riƙa ajiye giwan ruwa ɗanye. Unguwa ta yi mako tana zuwa kallo. Tsofaffi su sa hannu su janye da sauri suna salati. Ni kuwa son ta nake. In na ɗaga murfin, wani farin hayaƙi mai sanyi ya taso ya shafi fuskata, sai in ji kamar na leƙa wata ƙasa da ba a tsufa a cikinta. Kifin da zai ruɓe kafin azahar in an bar shi a tire, a can sai ya yi wata guda idonsa garau. A makaranta an koya mana cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da nama. Sai na haɗa biyun a kaina: tunda kifi ba ya ruɓa a ciki, sanyin ya kashe ƙwayoyin ke nan. Ba wanda ya faɗa mini haka. Ni na ƙulla abina, ya kuma yi mini kyau ƙwarai.

Da bazara ta kankama sai ƙyanda ta shigo gari. Ba a kiran sunanta a gidajenmu, baƙo ake cewa, wai kada ya ji an ambace shi ya zauna. Ya shiga gidan masu ƙira, ya tsallaka gidan liman, sannan ya iso wurin autanmu Isuhu, yana shekara biyu da 'yan watanni. Gwaggo Kande ta taso daga Shanga ta zo taya Inna jinya. Mace ce gajera mai babbar murya, ba ta iya raɗa ba, hannunta kullum da warin albasa don ita take nomawa. Ƙurajen suka fito suka fara bushewa, muka ce ya haye, sai tari ya sauka masa a ƙirji. Wata safiya Inna ta goya shi za su asibiti. Ba su kai kasuwa ba ta ji ya yi nauyi a bayanta. Ta juyo gida.

Majanyin da ta goya shi da shi ba majanyi ne kawai ba. Saƙi ne baƙi mai ratsin fari, da geza a bakinsa biyu, kakar Inna ta saƙa shi. Da shi aka goyi Inna, da shi aka goyi Yaya Hauwa da ni da duk waɗanda suka biyo. A kwanakin ciwon nan Isuhu ba ya yarda a raba shi da shi. A ciki yake tari, da shi ake share masa hanci. Maza ba su ma dawo daga maƙabarta ba Gwaggo ta ɗora babbar tukunya a murhu, ta zuba toka, ta tattaro rigunansa da zanen shimfiɗarsa tana jefawa. Ta miƙo hannu wajen Inna.

"Kawo shi nan, Mairo. A dafa shi, a shanya shi rana uku, sannan a naɗe."

Inna ta ƙanƙame majanyin a ƙirji. Ba ta kuka, idonta a bushe.

"Ƙamshinai na ciki, Kande. In kinka dafa shi, mi ya rage mini?"

"Ya rage miki masu rai. Kawo."

Ba ta bayar ba. Na tsaya tsakaninsu ina duban wannan, ina duban waccan, zuciyata na yi wa Inna ciwo. Sai abin ya faɗo mini, har na ji wani ɗan daɗi a cikin baƙin cikin, irin daɗin ɗalibar da ta san amsa.

"Gwaggo, akwai hanyar da ba sai an dafa ba. A sa shi a firiza. Sanyin yana kashe ƙwayar cuta, kuma ba zai taɓa ƙamshin ba."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, muciya a hannunta.

"Malama, ni tun da uwata ta haife ni wuta na sani da rana. Yaushe sanyi ya zama magani? Sanyi da ke sa mura?"

"Ba irin wannan sanyin ba ne, Gwaggo. Ba ki ga kifin Baba ba ya ruɓa?"

Kifin kam ta gan shi da idonta. Ta juya ga tukunyarta tana cewa, "To, ku kunka yi boko." Na zare majanyin daga hannun Inna a hankali, da sauran danshi a jikinsa. Na naɗe shi, na sa a leda biyu na ƙulle, na kai shi can ƙasan firiza, ƙarƙashin kifi. Na tuna har wata 'yar waƙa na rubuta da yammacin ranar, a kan yaron da ƙamshinsa ke barci a ƙasar da ba a tsufa.

Yaya Hauwa tana aure a wajen Ngaski. Inna ba ta kiran sunanta saboda 'yar fari ce, ta Ngaski take ce mata. Ba ta zo gaisuwa ba a lokacin, mijinta ya hana saboda tana goyon Bilki, wata tara da haihuwa, ga baƙo a gari. Sai ranar sadakar arba'in ta iso, ciwon ya yi sauƙi a unguwarmu ko da yake bai bar garin ba. Gwaggo ma ta dawo daga Shanga, wannan karon da jikarta Tani, 'yar shekara uku, tana ɗan tari, hanci na zuba. Gwaggo ta ce mura ce ta iskar jirgin ruwa.

Bayan an raba waina, baƙi maza sun watse, mata na zaune a inuwar rumfa, Inna ta ɗauki Bilki tana yi mata wasa. Yarinya ce mai manyan idanu, baƙin ya yi baƙi, farin ya yi fari, in ta dube ka sai ka ji kamar tana shirin tambayarka wani abu. Tana haƙori a lokacin, duk abin da ta kama sai baki. Inna ta ɗago kai ta kira sunana.

"Sa'a, ɗauko majanyin nan. Ta Ngaski ta goya ɗiyarta da shi. Bai kamata ya zauna ba kowa a cikinai."

Na je na tono shi. Ya sandare kamar ƙirgi, da na buɗe ledar har ƙara yake. Matan suka fashe da dariya, dariyar farko da aka yi a gidan cikin kwana arba'in. Wata ta ce a ba ta ta yi faifai da shi. Gwaggo ta ce, "Ku dai shanya shi ya sha rana." Na ce rana za ta kore ƙamshin, a bar shi a inuwa ya saki da kansa. Inna ta kai shi hancinta ta lumshe ido ta ce, "Yana nan." Ni da na sunsuna, ƙarnin kifi kawai na ji, amma ban faɗa ba.

Hotuna biyu na wannan yini suna nan a idona, ban san wanda zan ajiye ba. Na farko, Bilki ta kamo gezar majanyin da sauran ƙanƙara a jiki, ta cusa a baki tana tsotsa, tana lumshe ido don daɗin sanyin a dasashinta, Yaya Hauwa na cewa, "Ai kuwa ta samu maganin haƙori." Na biyu, Tani ta durƙusa gaban Bilki tana yi mata gwalo, fuska a fuska, ta yi tari, ta ba ta kunu a ludayin da ta gama sha da shi. Tsakanin hoton farko da na biyu ba a fi tafasar shayi ba.

Yaya Hauwa ta ce za ta zauna mana mako biyu. A kwana na goma sha ɗaya jikin Bilki ya ɗau zafi. Idanun suka yi ja, suka kumbura, suka rufe. Ƙuraje suka feso daga bayan kunne. An kai ta asibiti, an yi na gida, kowace tsohuwa da abin da take cewa a ɗiga. Ranta Allah ya bar mana shi. Amma ranar da idanun suka buɗe, wani fari ya rufe baƙin, kamar an zuba nono a rijiya. Na kaɗa mata ɗankunnena a gaban fuska. Ta juya wajen ƙarar, ba wajen ƙyallin ba.

Ga wurin da na fi jin nauyin rubutawa. Baba ya kira ni zaure, ya tambaye ni, tunda ni na yi karatu, ta ina ciwon nan ke shiga. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani kamar ina gaban allo. Na ce ta numfashi ne, in mai ciwon ya yi tari kusa da yaro. Na ce yakan ɗauki kwana goma ko fiye kafin ya bayyana. Baba ya ƙirga da yatsunsa ya koma baya, ya sauka daidai kan ranar arba'in. Ya ce wa ke tari a ranar. Na ce Tani. Wallahi majanyin ko faɗo mini bai yi ba. A wurina shi ne abu mafi tsabta a gidan, tunda ya kwana arba'in a ƙanƙara.

Da Gwaggo ta ji labari ta zo dubiya, da ƙullin albasa da ƙwaryar fura a ka. A zaure Baba ya tare ta. Ina bayan ƙofa.

"Kin ga ɗiya na tari kinka ɗauko ta kinka kawo cikin jarirai? Ɗaya bai ishe mu ba?"

"Yaya, mura ce na ɗauka."

"Sa'a ta yi mini bayani, ita ta karanta. Kande, in dai ina da rai, kada ki sake tako gidan ga."

Na jira babbar muryar nan ta tashi, don Gwaggo ba ta barin ta-kwana. Ta sauke ƙwaryar a bakin zaure, ta gyara mayafi, ta juya. Furar ta wuni a wurin har ta yi tsami, ba wanda ya taɓa.

Takardar aikina ta zo, aka tura ni wata firamare a wani ƙauyen bakin ruwa. Na yi aure, na haifi babbanku. Shekara shida ko bakwai suka wuce. Wata rana masu allurar rigakafi suka zo makarantarmu, hedimasta ya ce in zauna da su in riƙa rubuta sunayen yara. Shugabarsu wata ma'aikaciyar jinya ce mai tabarau, Sista ake ce mata, ba ta wasa da aiki. Muna ƙarƙashin mangwaro, inuwa ta gusa, rana ta fara taɓa akwatin sanyin da suke ajiye maganin. Sai ta daka wa direbansu tsawa ya matsar da shi. Na yi dariya na ce, "Sista, wannan akwati kamar jariri."

"Ai jaririn ne, Malama. Abin da ke cikin kwalaben nan mai rai ne. Ƙyandar ce da kanta, an raunana ta yadda ba za ta yi illa ba. In rana ta buge ta, ta mutu, mun yi wa yara allurar ruwa ke nan."

"To sanyin fa? Ba ya kashe ta?"

"Sanyi? Sanyi ne ke riƙe ta da rai. Daga inda aka yi ta har ta iso nan, a ƙanƙara take tafiya. Sanyi ba ya kashe irin waɗannan, kwantar da su yake yi. Ko kifi ai ba kashe masa ƙwayoyin yake ba, fito da shi ki ga yadda zai ruɓe."

Biron ya tsaya a hannuna a tsakiyar sunan wata yarinya. Na ji ƙarar ruwa a bakin gaɓa, na ji kukan yaran da ke layi, duk kamar daga wani gari. Na ga gezar majanyi a bakin Bilki. Da aka tashi shan ruwa na ja Sista gefe, na ce wata ƙawata ce abin ya faru da ita, na ba ta labarin duka. Ta cire tabarau ta goge. Na san ta gane ƙawar.

"A kan tebur ko tufa, cikin zafin nan namu, ƙwayar ba ta daɗewa, 'yan awoyi ne ta mutu. A ƙanƙara kuwa tana iya daɗewa ƙwarai. Amma kwana arba'in a jikin zane, ban sani ba. Ana ɗauke muku wuta?"

"Ana ɗaukewa. Wani lokaci wuni guda. Amma firizar a cike take, ba ta saurin saki."

"Narkewa da sake daskarewa na raunana ta. Yaron kuma, kin ce ƙurajensa sun fara bushewa kafin ya rasu? A lokacin yawanci yaro ya rage yaɗa ta. Kuma ciwon nan ta iska ya fi tafiya."

Na yi saurin cafe maganar.

"Ke nan ba majanyin ba ne."

"Ban ce ba. Ta sa shi da danshi, ta ƙulle a leda, jaririyar kuma ta tsotsa. Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba. Abin da na sani, da an dafa shi, da yau ba ki yi mini wannan tambayar ba."

Na yi mako biyu ina yawo kamar wadda aka canza wa ɗaki tana barci. In na ce ni ce, sai in tuna tarin Tani. In na ce Tani ce, sai in tuna danshin majanyin a tafin hannuna. Na yi ta ƙoƙarin tuna sau nawa aka ɗauke wuta a kwanakin nan arba'in, kamar wanda zai ƙirga tsuntsayen da suka wuce bara. Ranar wata kasuwa na goya babbanku na shiga jirgi, na nufi Shanga ba tare da na gaya wa kowa a Yelwa ba.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida cikin tulin albasa, tana ware masu ruɓa. Ta tsufa fiye da shekarun. Ta kare ido da hannu ta dube ni.

"Wa nike gani kamar Malama? Ɓatan hanya kinka yi, ko an aiko ki ki ƙara yi mini bayani?"

Na durƙusa. Ban iya gaisuwa ba ma, na fara magana, ina yi ina kuka, na faɗa mata akwatin Sista, da abin da sanyi ke yi, da cewa ita ce ta faɗi daidai tun ranar farko. Ta saurara hannunta bai bar albasa ba. Da na gama ta jefar da wata ruɓaɓɓiya gefe, ta dube ni.

"Sa'a, kin san mi ya sa ban yi wa ubanki musu ba? Kwana uku da munka dawo, baƙo ya feso wa Tani. Duk jiki. Ba mura ba ce. Ni na ɗauke ta na kai ta gidanku da hannuna."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na taho da kaya a kaina in sauke mata nata, sai ga shi ta buɗe mini wani.

"To Gwaggo, wanne ne? Nawa ko naki?"

"Ke da kinka yi boko ba ki sani ba, ni zan sani?" Har ta ɗan yi dariya. "Ashe dai mu biyu ne. Shekara bakwai ina zaton ni kaɗai ce."

Na ce zan je in faɗa wa Baba, ko ba komai ya san ba tabbas, ya janye maganarsa. Sai ta ajiye albasar ta kamo wuyan hannuna, ta matse.

"In kinka faɗa wa ubanki, uwarki za ta ji. Wa ya hana a dafa shi? Wa ya ce a ɗauko shi a ba ɗiyar? Da hannunta ta miƙa. Ta rasa ɗa, ƙamshin nan kaɗai ta riƙe, ki je ki ce mata shi ya makantar da jikarta? Kada ki faɗi tana da rai. Ni na saba da kayan, har ya yi mini gammo."

"Gidan ɗan'uwanki fa, Gwaggo?"

"Yana nan inda yake. Tashi ki sha ruwa, ɗanki na kuka."

Na yi mata biyayya. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Na san dai abin da ya ci. Baba ya rasu bai sake magana da ƙanwarsa ba, su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Ranar rasuwarsa ta zo, amma ba ta shiga ba, don ya ce in yana da rai, ita kuma ta ce ba za ta yi masa wayo da mutuwa ba. A gidan maƙwabta ta zauna ta karɓi gaisuwa. Ni na kai mata ruwa, muka dubi juna. Bayan shekara huɗu ita ma ta tafi. Ina ji ana faɗa muku maganar Shanga kuna ƙanana, ina tsinke zaren ɗinki da haƙori don kada bakina ya buɗe.

Tun daga lokacin ba likitan da na zauna da shi ban yi masa tambayar ba, a kaikaice. Kowa amsarsa ɗaya da ta Sista: a zafi ba ta daɗewa, a tsananin sanyi tana daɗewa, amma nawa ne daɗewar, a kan wane irin abu, wannan sai a ce ya danganta. Wani ya ce mini da wuya ƙwarai. Na ce da wuya, ko ba zai yiwu ba? Ya ce da wuya. A cikin wannan 'yar tazarar na yi rayuwata.

Inna ta rasu bara, kun sani. Da muka buɗe akwatinta, majanyin na can ƙasa a naɗe. Ba a sake goyon kowa da shi ba tun Bilki, ban kuma san dalilin Inna na ɓoye shi ba. Wani lokaci ina zargin ita ma ta yi nata lissafin ta yi shiru, mu uku ke nan. Wannan ma ba zan taɓa sani ba.

Kafin in fara rubutun nan na je wurin Bilki, don ita ta fi kowa haƙƙin ji. Na same ta ta sallami matan da take yi wa tilawa. Na faɗa mata komai, tun daga tukunyar toka har tulin albasa. Ta karkata kai tana saurare yadda take yi, kamar mai jin ruwan sama daga nesa.

"Inna Sa'a, yanzu so kike in zaɓa tsakaninki da Gwaggo?"

"So nake ki yafe mini."

"Na yafe, in ke ce. In ita ce, ita ma na yafe. Majanyin yana nan?"

Na ciro shi daga jaka na ɗora mata a cinya. Ta bi shi da yatsu, ratsi bayan ratsi, har ta kai gezar. Ta tsaya a nan tana murzawa.

"An dafa shi?"

"Na dafa shi da toka. Ya sha rana uku."

"To ai sai a kai shi inda ake goyo. Na ji an ce 'yar Tani ta haihu."

Ga shi nan a kan akwatina, na naɗe shi a farin ƙyalle. Ƙafata ba ta hawa jirgi yanzu, don haka ku za ku kai, dukanku, ba aike ba. In kun isa Shanga ku tambayi gidan Tani jikar Kande mai albasa, ku durƙusa ku gaishe ta, ku ce ku jikokin yayan kakarta ne. Ku karanta mata wannan rubutun tun daga farko. In ta tambaye ku wanne ne a cikin biyun, ku ce Malama ta ce ba ta sani ba.